Idon Baƙo da Bakin Ɗan Gari: Nazari a Kan Rubuce-rubucen Jagorar Masu Ziyartar Wuraren Tarihi

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar ƙananan rubuce-rubuce da ake yi domin masu ziyartar wuraren tarihi. Wasu 'yan ƙasidu ne masu shafi huɗu ko shida da ake rabawa a masaukan baƙi da wuraren baje koli. Wasu babi ne a cikin littattafan tallata jiha. Wasu kuwa bayanan tafiya ne da maziyarci kan rubuta bayan ya koma gida, sa'an nan su shiga yawo a wayoyin jama'a. Yawancinsu da Turanci ake fara rubuta su, daga baya a juyo su zuwa Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna irin waɗannan rubuce-rubuce, ta nuna inda suka yi amfani da inda suka gaza, tare da kafa misali da wuraren da masu karatu suka sani a ƙasar Kano da maƙwabtanta.

Mai yiwuwa wani ya ce ai takardar talla ce, me zai sa a ɗauke ta da nauyi haka? Dalili shi ne, wanda aka rubuta dominsa dabam, wanda ya fi karanta ta dabam. An rubuta ta ne domin baƙon da zai kwana biyu ya wuce, amma malamin makaranta ne ya fi dogara da ita. Ranar da zai kai ɗalibansa Dala ko Gidan Makama, ita yake dubawa da dare ya shirya abin da zai faɗa. Abin da ya faɗa a gindin dutse shi yaro zai rubuta a littafinsa, shi zai amsa a jarrabawa, shi kuma zai gaya wa nasa 'ya'yan. Dattawan da za su iya gyara kuskuren kuwa kullum raguwa suke yi. Saboda haka takardar da ake gani ba komai ba ce ta zama littafin tarihi na farko ga yara masu yawa, kuma ya wajaba a yi mata hisabin da ake yi wa littafin tarihi.

2.0 Asalin Irin Wannan Rubutu

Bayanin gari domin wanda bai san shi ba tsohon abu ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infakul Maisuri da bayanin ƙasashen Sudan da al'ummominsu, kuma da Clapperton ya same shi a Sakkwato cikin 1824 har taswira aka zana masa. Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Turai cikin 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi a littafin Magana Hausa cikin 1885. Daga baya Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da suka kai Ingila cikin 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake duban garin wani a ba da labarinsa.

Sai dai ƙasidun da muke magana a kansu ba daga wannan reshe suka tsiro ba. Sun fi kama da jikokin rubuce-rubucen Turawa matafiya na ƙarni na 19. Clapperton ya shigo Kano cikin 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya zo cikin 1851, zamanin Sarki Usman. Waɗannan mutane suna da nasu son zuciya, kuma aiken gwamnatin Ingila suka zo yi. Amma akwai abin da ba za a ƙwace musu ba: sun rubuta ranar da suka ga abu, sun bambanta abin da suka gani da abin da aka gaya musu, kuma idan ƙiyasi suka yi sukan ce ƙiyasi ne. Clapperton ya ƙiyasta mutanen Kano tsakanin 30,000 da 40,000. Barth ya ce wajen 30,000, amma sukan ninka a lokacin fatauci. Shi ya sa har yau masana ke iya aiki da bayanansu. Ƙasidun zamaninmu sun gaji idon baƙo daga gare su, wato neman abin mamaki da abin ɗaukar hoto, amma ba su gaji tsantseninsu ba.

Duk da haka, adalci ne a faɗi alherinsu. Sun sa sunayen wurare da yawa ba su ɓace daga bakin mutane ba. Sun jawo wa marina da dukawa da masaƙa masu saye. Hotunan da ke cikin tsofaffinsu kuma yau sun zama shaida, domin akwai ɓangarorin ganuwa da soraye da ba za a ƙara ganinsu ba sai a waɗannan hotuna. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

3.0 Alƙaluman da Ba a San Asalinsu Ba

Aibi na farko, kuma mafi yaɗuwa, shi ne kawo alƙaluma ba tare da an auna su ba. Misali mafi sauƙi shi ne tsawon Dutsen Dala. Sau da yawa za ka karanta cewa tsawonsa mita 534 ne, ko ƙafa 1,753. Duk wanda ya taɓa hawa Dala ya san cikin 'yan mintuna ake kaiwa samansa, har da yara 'yan firamare. Abin da ya faru shi ne, wannan adadi tsayin ƙololuwar dutsen ne idan an auna daga gaɓar teku, alhali birnin Kano kansa yana zaune ne a kan tudu mai wajen mita 480 daga gaɓar teku. Idan aka ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne dutsen da ido ke gani. Wani ya kwafa bai fahimta ba, na bayansa ya kwafa daga gare shi, har kuskure ya zama kamar karatu.

Haka zancen shekarun sarakuna. Ana rubuta cewa Bagauda ya hau mulki cikin 999, Gijimasu ya fara ganuwa tsakanin 1095 da 1134, kamar dai akwai wanda ya rubuta ranar a lokacin. Tushen waɗannan shekaru shi ne littafin tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda labarinsa ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Littafin yawan shekarun da kowane sarki ya yi yake bayarwa. H. R. Palmer, wanda ya buga fassararsa ta Turanci cikin 1908, shi ya yi lissafi da baya da baya har ya kai ga 999. Lissafin yana da amfani, kuma daga zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fi ƙarfi, domin akwai shaidar zuwan Shaihu Magili da za a gwada da ita. Amma lissafi ne, ya kamata a riƙa sa masa "wajen" ko "kimanin". Daɗin daɗawa, masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Takardar da ta ce tarihin Kano ya fara cikin 999 ta yanke wa garin shekaru ɗari uku ko fiye, tana zaton yabonsa take yi. Shekarar 1498 da ake liƙa wa marinar Ƙofar Mata ita ma haka ake jefo ta, ba a faɗin inda aka samo ta.

Kuskure na uku ya fi waɗannan illa. Ana yawan cewa ganuwar Kano tana cikin wuraren da hukumar UNESCO ta yi wa rajista a matsayin kayan gadon duniya. Gaskiyar magana ita ce, cikin 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da kangon Surame a jerin wuraren da take fatan a duba nan gaba. Waɗanda aka yi wa rajista su ne Sukur ta jihar Adamawa cikin 1999 da kurmin Osun na Oshogbo cikin 2005, a Nijar kuma tsohon garin Agadas cikin 2013. Bikin kamun kifi na Argungu (2016) da hawan Sallar Kano (2024) wani jeri dabam suka shiga, na al'adun da ake gudanarwa. Illar wannan kuskure ita ce yana sa mutane su saki jiki, su ɗauka akwai wata hukuma a Turai da ke gadin badala, alhali ba ta da mai gadi sai mu.

4.0 Labarin Kaka da Kakanni

Wajen labarun gargajiya, ƙasidun nan sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya kauce. Wasu sukan kawo labarin kamar rahoton jarida, wasu kuma su kira shi tatsuniya su wuce. Rijiyar Kusugu ta Daura ta isa misali. Kowa ya san labarin: Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Daga nan sai takarda ta rufe da cewa wannan shi ne asalin Hausawa.

Amma labarin da kansa bai faɗi haka ba. Baƙon ya tarar da gari da rijiya da sarauniya, ya tarar da maƙera a Gaya suna aikinsu. Ashe akwai mutane da sana'a da mulki kafin zuwansa. Abin da labarin ke bayani shi ne asalin gidajen sarauta da zumuntar da ke tsakanin Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Ambaton Juma'a da Bagadaza kuma yana nuna cewa labarin ya bi ta bakin Musulmi kafin ya iso gare mu. Malamin da ya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa a bakin rijiyar ya koya musu yadda ake sauraron labarin magabata da ladabi da kuma hankali. Wannan ya fi a ce musu su haddace, ya kuma fi a ce musu ƙarya ce.

Irin wannan gyara ake bukata a kan Barbushe da Tsumburbura a Dala, da Sarauniya Amina a Turunku da Kufena, da hasumiyar Gobarau a Katsina, wadda wasu ke danganta ta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, wasu kuma su kawo ta baya da haka. Inda masana suka saɓa, kalma uku ta isa: "an yi saɓani". Takardar da ta zaɓi shekara mafi nisa don ta fi daɗin ji ta zama maroƙiya, ta bar aikin jagora.

5.0 Abin da Ke Takarda da Abin da Ke Ƙasa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Babban gwajin takardar jagora shi ne a riƙe ta a hannu a tsaya a wurin, a ga ko za su yi daidai. Da yawa ba sa cin wannan gwaji, domin suna bayanin abin da ya kasance ne a matsayin abin da yake nan. Za a ce ganuwa ta kewaye birnin Kano, a kawo tsayinta da kaurinta na zamanin da. Yaro ya zo ya tarar da gidaje da shaguna da gidajen mai a inda aka ce ganuwa take, sai guntaye nan da can.

Bayanin gaskiya ya fi wannan amfani, kuma ya fi shi jan hankali. Ganuwa ginin ƙasa ce, rayuwarta tana ga yaɓe. A da, bayan damina akan yi gayya a gyara inda ruwa ya ci. Da Turawa suka ci Kano cikin 1903 sai amfaninta na tsaro ya ƙare, gayyar ta tsaya, ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu neman fili suka yi sauran aikin. Ƙofofin ma ba sa'o'in juna ba ne. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka huda su. Ƙofar Na'isa an rushe tsohon gininta cikin 2010 domin faɗaɗa hanya, aka yi sabo. Mai son ganin tsofaffin ƙyamaren ƙarfe sai ya je Gidan Makama. Babban masallacin Juma'a na birni, wanda ake cewa na ƙarni na 15 ne, asalinsa ne ke komawa zamanin Rumfa, amma ginin da ke tsaye yau na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A Zariya kuma akasin haka ake samu. Baƙo ya ga masallacin Juma'a daga waje ya ɗauka sabon gini ne ya wuce, bai san cewa a cikinsa akwai ragowar aikin Babban Gwani Mika'ilu na zamanin Sarki Abdulkarimu ba, da ginshiƙansa da bakan gizonsa na ƙasa da azara, waɗanda aka lulluɓe da sabon gini a shekarun 1970. Layi ɗaya da zai ce "shiga ciki ka ɗaga kai" ya fi shafi guda na kirari.

6.0 Ƙauyukan da Aka Bari a Baya

Idan mutum ya jera ƙasidun nan zai ga wurare biyar ko shida ne ake ta maimaitawa, duk a cikin birni: Dala, Kurmi, Gidan Rumfa, Gidan Makama, Ƙofar Mata. Ƙauye kuwa, in ma an ambace shi, sai a ce wuri ne mai tsohon tarihi da mutane masu karamci, shi ke nan. Alhali birni da ƙauye ya ci abinci.

Ɗauki rini. Takarda za ta kai baƙo Ƙofar Mata ya ɗauki hoto, ba za ta gaya masa yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini a bar su kwanaki su tashi ba, ko dalilin da ya sa ake tsoma zane a fito da shi ya sha iska a sake tsomawa, domin iskar ce ke mayar da shi shuɗi. Ba za ta ambaci matan da ke ɗaurin zane a cikin gida ba, ko mabuga inda ake bugun tufa da shuni har ta yi ƙyalli. Mafi muni, ba za ta ambaci Kura ba, garin da sunansa ya bi rawani ɗan Kura da turkuɗi har cikin Sahara wurin Buzaye. Barth ya ga cewa arzikin Kano a kan saƙa da rini yake, kuma yawancin wannan aiki a garuruwa da ƙauyukan kewaye ake yinsa.

Ɗauki Fanisau. Ana ambatonta saboda hawan Sarki da tsohon masallaci. Amma ribaɗi ce da Sarki Dabo ya ƙarfafa saboda yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma a can Clapperton ya je ya gaishe shi cikin 1824. Har ila yau, gari ne na gandayen sarauta da bayi suka noma, har Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan haka, aka buga cikin 2011. A nan ne ƙasidun ke yin shiru. Haka suke yi a kasuwar Kurmi, inda Clapperton ya ga ana sayar da mutane. Bauta ba ta gushe a dokar Arewa gaba ɗaya ba sai cikin 1936. Magana ce mai nauyi, kuma jikokin kowane ɓangare suna zaune tare a aji ɗaya, don haka tana bukatar hikima, ba tare da an nuna gidan kowa ba. Amma idan mu ba mu faɗe ta da ladabi ba, yaro zai ji ta a bakin wanda ba zai yi mata ladabi ba.

Akwai kuma wuraren da suka isa a yi tafiya dominsu. A Birnin Kudu, wadda ta koma jihar Jigawa tun 1991 ko da yake wasu takardun ba su sani ba, akwai zanen shanu a jikin duwatsun Habuɗe da Mesa da Murufu, wasunsu marasa tozo, ba irin shanunmu na yau ba, da kuma duwatsu masu amo kamar kuge idan an buga, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950. A Durɓi Takusheyi kusa da Mani an haƙa kaburburan manya cikin 1907 da 1992, aka sami kayan tagulla da hauren giwa da zinariya da duwatsun ado, waɗanda ke nuna ciniki da ƙasashe masu nisa tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A Surame akwai ganuwar dutse ta Kanta na Kabi tun ƙarni na 16. Kowane ɗayan waɗannan darasi ne cikakke, amma rabonsu a takarda bai wuce layi biyu ba.

7.0 Tsibiran Kogin Kwara

Babu inda raunin waɗannan rubuce-rubuce ya fito fili kamar wajen tsibirai. Idan aka zo kan Yawuri da tafkin Kainji, abin da ake rubutawa shi ne faɗuwar rana a kan ruwa, da tseren jiragen ruwa na bikin Rigata, da cewa a Busa ne Mungo Park ya mutu cikin 1806. Wani ma sai ya ce a je a ga wurin. Ba a gaya wa mai karatu cewa tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968 ba, kuma garin da ake kira Sabuwar Busa wuri ne dabam da aka gina wa mutanenta.

Abin da ruwan ya ci ya wuce gari ɗaya. Tafkin ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tayar da mutane sama da 40,000 daga garuruwansu. Babban tsibirin Foge ya nutse tare da wasu tsibiran. Mutanen da Hausawa ke kira Gungawa, daga kalmar gungu, wato tsibiri, su kuwa suna kiran kansu Reshe, suna da harshensu. Sun shahara da noman albasa na rani a gaɓar tsibiransu, suna bin hawa da saukar kogi, tare da kamun kifi kafaɗa da kafaɗa da Sarkawa. Da aka tare kogin sai lokutan ruwa suka sauya, aka mayar da da yawansu tudu, cikin gidajen siminti da ba su yi kama da nasu ba. Gonaki da kaburbura da wuraren al'ada suka tafi. Ƙasar nan ta sami wutar lantarki, su suka biya wani kaso na kuɗinta.

Takardar da ta ba Baturen da ya wuce ta kogin sau ɗaya sakin layi guda, ta hana mutanen da suka zauna a kansa ɗaruruwan shekaru ko da suna, ta nuna da idon wa take kallo. Kuma nan ne lokaci ya fi ƙurewa. Wanda yake da shekara 15 ranar da aka tashe su, yau ya haura 70. Su kaɗai suka san sunayen tsibiran da suka nutse, da inda kasuwa take, da wace zuriya ke zaune a wane gungu. Ganuwa idan ta zube akan sami tushenta a haƙa. Abin da ke ƙarƙashin tafki kuwa ba shi da ma'ajiya sai ƙwaƙwalwar tsofaffi. Malaman makarantun Yawuri da Ngaski da Borgu suna da aikin da babu mai iya yinsa sai su.

8.0 Ladabin Ziyara da Lafiyar Maziyarci

Jagora na gari yakan gaya wa baƙo yadda zai shiga wuri. Ƙasidun nan ba kasafai suke yin haka ba. Ba sa cewa a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, kada a ɗauke tsingaro ko kashin maƙera daga kango a sa aljihu. Sukan jera Hubbaren Shehu a Sakkwato da kabarin Sarkin Musulmi Bello a Wurno tare da wuraren shaƙatawa, alhali wuraren ziyara da addu'a ne, masu bukatar sutura da natsuwa. Hawan Sallah kuma sukan dunƙule shi a kalma ɗaya, daba, wadda Turawa suka zo da ita daga Indiya. Da haka sai bambancin Hawan Idi da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da na Ɗorayi ko Fanisau ya ɓace, alhali kowanne da ranarsa da hanyarsa da ma'anarsa.

Sai batun rai, wanda ya fi kome. Ana kwafo bayanin Sukur da tsibiran tafkin Chadi daga tsofaffin littattafai, ba a ambaton cewa an kai wa Sukur hari cikin 2014, ko cewa rikicin Boko Haram ya tarwatsa mazauna tsibiran Chadi da yawa. Ana kwaɗaita wa mutane shiga jirgin ruwa ba a maganar lodi ko rigar ruwa. Cikin watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane fiye da ɗari suka mutu ko suka ɓace. A ƙarshen Nuwamba na shekarar wani ya kife a Bagwai, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Malamin da zai ɗauki 'ya'yan mutane amana yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar hanya, kuma takardar da ba ta ɗauke da shekarar da aka rubuta ta ba abin dogara ba ce a wannan fanni.

9.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa rubuce-rubucen jagorar maziyarta sun yi amfani wajen tallata wurare, amma sun gaza wajen auna alƙaluma, da rarrabe labarin gargajiya da tabbataccen tarihi, da faɗin halin da wuri yake ciki a yau, da ba ƙauyuka da tsibirai haƙƙinsu. Tushen gazawar ɗaya ne: kwafa daga takarda zuwa takarda ba tare da an taka ƙasa an tambayi masu wuri ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Shawara ga malamai ita ce, kafin a kai yara wuri malam ya fara zuwa shi kaɗai, ya gwada abin da ya karanta da abin da ya gani. Duk adadin da ya ci karo da shi ya tambayi kansa wa ya auna, kuma daga ina. Sa'an nan kowace makaranta tana iya rubuta bayanin garinta a shafi biyu ko uku da Hausa: sunan wuri yadda masu shi ke faɗinsa, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, abin da ido ke gani a yau, abin da dattawa suka ce da sunan wanda ya faɗa idan ya yarda, inda aka yi saɓani, wanda ake neman izini a wurinsa, da ranar da aka rubuta. A aika kwafi ɗaya ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha domin ajiya. Ga iyayenmu dattawa kuma, roƙon shi ne idan malami ya zo da littafi da alƙalami a ba shi lokaci, a kuma faɗa masa har abin da ba shi da daɗin ji, domin abin da ba a rubuta ba yana tafiya tare da mai shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari da gaskiya da amana, amin.